Shirya gasar rubuta manhaja ta ɗalibai a Damagaram

Duk mai niyyar shirya irin wannan gasa a Jami'ar André Salifou, ya fara da batun wuta tukuna. Kwamfutar alƙalanci ce ke riƙe da maki duka. In wuta ta ɗauke ba batirin ajiya, lissafi ya rikice. A tanadi janareta da mai, a kuma kauce wa watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke sa injuna mutuwa da kansu.

Ba a buƙatar intanet, gara ma a yanke shi. A girka DOMjudge, manhajar da ke duba amsoshi ta ba da maki, a kwamfuta ɗaya, a haɗa sauran da waya. Tsarin ICPC, gasar rubuta manhaja ta jami'o'in duniya, ya isa: kowace ƙungiya ɗalibai 3, kwamfuta 1, awa 5, da tarar ƙarin minti 20 a lokacin ƙungiya kan kowace amsar kuskure a tambayar da aka warware daga baya. Ga masu farawa awa 3 ta fi, daga ƙarfe 9 zuwa 12, a tashi kafin azahar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bayanan gwaji, wato bayanan da ake gwada manhajojin ɗalibai da su don a ga ko amsarsu daidai ce. Kowace tambaya malamai biyu su warware ta daban-daban, ɗaya da harshen rubuta manhaja na C++ ɗaya da na Python, domin Python na da nawa, kuma ƙayyadadden lokaci mai tsauri zai kayar da amsa daidai.