Aikin yayata a ƙarshen wata

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan likita nan cikin Damagaram. Jiya na kai mata tuwo wurin aiki, na tarar ta tasa kwamfuta a gaba, rajistoci tuli a gefenta, tana shigar da lissafin wata: yara nawa aka kawo da zazzaɓin cizon sauro, nawa aka gwada, nawa suka karɓi magani.

Na ce, "Yaya, wannan ma aikin jinya ne?" Ta ce in matso in gani. Ta latsa, sai ga layi mai nuna yawan yara masu zazzaɓin ya hau allo, yana kwance tun bazara, damina na kankama ya miƙe tsaye. Ta ce da wannan ake sanin inda magani zai ƙare kafin ya ƙare. Da can sai takarda ta hau babur zuwa ofishin gunduma, a sake kwafewa da hannu, kafin ta kai Yamai an sha jira.

Manhajar sunanta DHIS2, Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ta ƙirƙiro ta, ƙasashen Afirka da yawa na aiki da ita. Har maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowace damina, lissafi yake bukata.

Abin da ya tsaya mini a rai, wuta ta ɗauke muna zaune, ba ta ko ɗago kai ba. Ta duba sauran batir, ta ce zai kai ta, in riƙe mata tocilan a kan rajista.