Kwana Uku a Kogi da Kwale-kwale Mai Shan Ruwa

Shekaranjiya na dawo daga tafiyar kwana uku a kogi cikin ƙaramin kwale-kwale na roba, kuma har yanzu abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne huji ɗaya tak da aka yi wa jirgin a rana ta biyu. Ranar farko ba ta da labari, tuƙi ne kawai har faɗuwar rana.

Washegari da hantsi na lura jirgin ya yi nauyi yana ƙin bin filafili, kuma duk lokacin da na karkata sai in ji ruwa yana gudu a ƙarƙashina, alhali inda nake zaune a bushe yake. Jirgin bango biyu gare shi, na ciki da na waje, ruwa kuwa ya sami hanya ta wajen ƙusoshin mariƙi ya taru a tsakaninsu. Kwale-kwalen katako da na saba da shi ba ya ɓoye wa mutum komai, domin idan ruwa ya shiga ana ganinsa, sai a sa gwangwani a kwashe. Wannan kuwa ruwansa a kulle yake, babu ta inda hannu zai kai.

A mashiga ta farko da na tsaya, mai gadin wurin bai ko amsa gaisuwata ba, da hannu kawai ya nuna mini in yi gaba. Can ƙasa kaɗan na sami wani dattijo mai gyaran jirage, wanda ya taya ni jan jirgin zuwa tudu tun kafin ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na nuna masa tsakiyar gindin jirgin na ce a huda nan, tunda nan ruwan yake kwanciya. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, idan ka huda nan, ranar da matoshin ya saki kai da jirgin za ku nutse tare." Ya zaɓi kusurwar baya, sama da inda ruwa yake kaiwa idan jirgin yana ɗauke da kaya, ya ce ɗaga gaban jirgin kawai za a yi ruwan ya gangaro da kansa.

Yadda ya yi aikin ya koya mini abin da ban sani ba. Irin wannan roba, wadda ake kira foliyetilin, gam ba ya kama ta sosai, saboda haka duk abin da aka shafa a bakin hujin cike gurbi kawai yake yi, ba shi ne zai riƙe matoshin ba. Ya fara da ɗan siririn huji, sannan ya faɗaɗa shi sannu a hankali har milimita 25, wato inci 1, ya kankare bakinsa da wuƙa. Da na duba kaurin bangon na ga bai kai milimita 5 ba, sai na fahimci dalilin da ya sa ya ƙi ɗaura sukuru kai tsaye, domin roba mai wannan siranta ba ta da naman da za ta riƙe sukurun, da an matsa sai ya kwance. Tunda hannu ba ya shiga ciki balle a riƙe noti da washa, ya yi amfani da noti mai rigar roba wanda yake kumbura a bayan bango idan aka ɗaure shi, da ƙusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa, ya shimfiɗa zoben roba a ƙarƙashin gidan matoshin, ya kuma ɗaure daidai gwargwado don kada bangon ya lotsa.

Da muka ɗaga jirgin, ruwan da ya fito ya cika bokitin lita 10 har sau biyu. Lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, ke nan kilo 20 nake ja tun safe ban sani ba. Na miƙa masa ladan aikinsa ya ƙi karɓa, sai ma ya ɗaura wa matoshin igiya don kada ya ɓace, ya kuma gargaɗe ni in riƙa barinsa a buɗe idan jirgin yana ajiye a rana, saboda iskar da ke ciki tana kumbura da zafi.

Sauran tafiyar ta zo da sauƙi. Da yamma na cire matoshin, ruwan da ya fito bai cika kofi ba, kuma a rana ta uku na isa inda na nufa tun kafin rana ta karkata.