Zane a garin da kowa da irin hularsa

Shagonmu na zane ne, a Kano. Muna yin bangon littafi, hotunan cikin littattafan yara, allon shago, tambarin kamfani, da zanen jikin bango na makarantu da gidajen abinci. Wanda bai san garin ba zai ɗauka duk masu kawo mana aiki Hausawa ne. A yini guda sai ga marubuciya daga cikin gari, sai ga ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, sai Bayarabiya mai gidan abinci, sai ɗan Labanan daga wajen Kantin Kwari, sai Buzu da ya taso daga Agadas. Wannan cakuɗa ba ta yau ba ce. Sunayen unguwanni ma sun isa shaida: Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa. Mai zane a irin wannan gari, iya riƙe buroshi rabin aikinsa ne. Sauran rabin shi ne sanin kayan wane ne na wane.

A kan sutura ake fara gane ƙwararre. Babbar riga da agbada daga nesa kamar abu ɗaya suke, amma ɗinkin wuya da na aljihu sun bambanta, kuma Bahaushe da ya ga aska takwas an juya ta ko an rage mata baki zai gane tun kafin ya karanta rubutun da ke ƙasa. Rawani mai kunne biyu a Kano na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, ba a ɗora wa attajiri ko malami don kawai ya yi kyau a hoto. Ja da kore kayan dogarai ne. Haka jar hular Ibo, ta masu muƙamin gargajiya ce, in ka sa wa saurayi ɗan kasuwa ita a fosta ka jawo masa magana a taron garinsu. Hular Yarbawa mai kunnuwa biyu da suke kira abeti aja tana da yadda ake karya ta. Ɗaurin gele daban yake da ɗaurin ɗankwalin matan Kano, lafayar Barebari da Shuwa tana da yadda take zubowa daga kafaɗa, rawanin Buzu kuwa sai ya rufe baki, kuma in turkuɗi ne, irin wanda aka san garin Kura da rininsa, to yana da sheƙin da shuɗi zalla ba ya bayarwa. Mu kan shimfiɗa shuɗi mai duhu tukuna, mu bi wuraren lanƙwasa da ɗan ja-ja mai ratsin shuni, sannan mu taɓa haske kaɗan a saman kowane ninki. Kafin mu fara zana mutumin wata al'umma, sai mai aikin ya kawo hotunan danginsa na biki ko na suna, guda uku ko huɗu, mu duba tare.

Nan ne masu kwafa da liƙawa suke faɗuwa. Yaro ya sami kwamfuta da manhajar zane ta CorelDraw, ya sauko da hoto daga intanet, ko ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa masa "sarkin Afirka", sai ka ga rawanin Indiya a kan rigar Gana, ga murjanin Bini a wuya, an rubuta hawan Sallah a ƙasa. Kuma a karɓa, don ya fi araha.

Rubutu ya fi sutura tarko. Yawancin salon haruffan da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ. In ka buga su, ko dai su zama akwati fanko, ko manhajar ta aro su daga wani salon, sai harafi ɗaya ya fita siriri a tsakiyar masu kauri. Yarbanci yana da ɗigo a ƙarƙashin e da o da s, ga alamun karin sauti a sama. Ibo na da ɗigo a ƙarƙashin i da o da u. Ɗigon nan in ya faɗi, kalma ta koma wata kalmar. Larabci da ajami kuma daga dama suke tafiya, haruffansu a haɗe, manhajar da ba a saita ba sai ta warware su ɗaya-ɗaya ta jera su daga hagu, wanda bai iya karatun ba ba zai ma lura ba. Dokar shagonmu ita ce, duk rubutun da ba na harshenmu ba, mai aikin zai rubuto da hannunsa, mu tsara, mu buga a takarda, ya karanta ya sa hannu. Bayan nan mu mayar da haruffan su zama zane a cikin fayil, yadda ko an buɗe a kwamfutar maɗaba'a da ba ta da salon, ba abin da zai motsa. Ayar Alƙur'ani kuwa ba ma sa ta a takardar talla ko ledar kaya, abin da ƙarshensa bola ko kwata, ko da mai aikin ya nace.

Akwai kuma maganar surar mai rai. Wani yana son fuskarsa ta cika rabin allo, kamar yadda ake yi a fostar jana'iza ko ta bikin coci a Sabon Gari. Wani ko tsuntsu ba ya so a jikin bangonsa. Wannan na biyun bai rage mu da komai ba, domin gidan yana da arziki: dagin Arewa, zayyanar allo da ta gefen Alƙur'ani rubutun hannu, zanen da magina ke yi a fuskar soro, ƙirar hula, sassaƙar ƙwarya. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai ke nan, a koyi dabarar Turawa amma a ɗebo daga zanen gida. Okeke ya koma wa zanen uli na matan Ibo. Mu namu yana jikin katangar cikin gari.

Allon shago shi ne aikin da aka fi rainawa, alhali shi ya fi tona asiri. Baƙin ƙarfe ana kankare tsatsarsa da samfefa, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bar shi ya kwana, sannan andakot, wato fentin shimfiɗa na ƙasa, sannan fentin mai shafi biyu. Farin kwano ba haka ba. Fentin mai ba ya kama shi kai tsaye, bayan 'yan watanni sai ya riƙa ɓarewa falle-falle. Dole a wanke maiƙon da ya zo da shi daga kamfani da ruwan omo, a ɗan goge shi da samfefa mai laushi, a sa shafin farko irin wanda aka yi domin kwano. Girman harafi kuma lissafi ne: kusan santimita 2.5 na tsawo ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu. Shagon da ake so a karanta daga tsallaken titi, a ce mita 15, harafinsa kada ya gaza santimita 12 zuwa 13. Mai shago zai so a rubuta sunan marigayi mahaifinsa, da duk abin da yake sayarwa, da lambar waya uku. Sai mun zauna mun rage, domin mai Adaidaita Sahu da ke wucewa kalma huɗu ko biyar zai iya kamawa.

Yanayin garin ma yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura ke manne wa ɗanyen fenti, don haka shafin ƙarshe da sassafe ake yinsa a cikin ɗaki, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa. Sabon filasta sai ya yi kamar mako huɗu kafin ya karɓi zane, in an yi gaggawa gishirin siminti ya fito fari-fari ya cinye launi. Ranar Kano ja mai haske da shuni take fara kashewa, launin jar ƙasa da ruwan ƙasa kuwa suna daɗewa, shi ya sa bangon da ke kallon yamma muke karkata shi gare su. Ƙaramin zane kuma da gidan dara ake faɗaɗa shi a bango: kowane murabba'in santimita 1 a takarda ya zama santimita 10 ko 20 a bango, a ja layukan da zare da aka turmusa a garin alli. Yaron da muka ɗauka koyo a nan yake farawa, jan layi da wanke buroshi da cike harafi, ba ya taɓa fuskar mutum sai hannunsa ya daina rawa a kan madaidaicin layi.

Bangon littafi lissafinsa ya fi ƙanƙanta. Girman A5 milimita 148 ne da 210, a ƙara milimita 3 kowane gefe saboda wuƙar yanka. Kaurin gadon baya daga yawan shafi yake fitowa: takarda mai nauyin giram 80 kowane falle kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, shafi 200 falle 100 ke nan, wajen milimita 10. In marubuciya ta ƙara babi bayan an gama bango, sunan littafin ya zame gefe. Hoto ya kasance ɗigo 300 a kowane inci, kuma a launin maɗaba'a na CMYK, domin abin da ke walƙiya a fuskar waya ba lallai tawada ta iya fitar da shi ba. Fatar baƙin mutum ita ce jarrabawa. In shuɗi ya yi yawa a haɗin sai ta fito toka-toka, in aka danna baƙi sai fuska ta toshe, hanci da kumatu su ɓace. Ja da rawaya ne ke riƙe ta, baƙi ɗan kaɗan a inuwa. Kuma don Allah kada a turo fayil ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi; a turo shi a matsayin takarda.

Sai ciniki. "Haba malam, ai ɗan zane ne kawai, minti nawa zai ɗauke ka?" Mai wannan magana yawanci shi ne zai dawo sau biyar a canza launin mayafi. Saboda haka muke karɓar kafin alƙalami, mu nuna zanen fensir a amince kafin a sa launi, gyara biyu a cikin kuɗin aiki, na uku da nasa lissafin. Muna kuma rubuta abin da aka saya. Wanda ya biya kuɗin bangon littafi bai sayi damar buga hoton a kalanda da riga ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce mallakar aiki ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar shaida. Duk da haka za ka ga zanenka a jikin buhun wani, an goge sa hannunka daga kusurwa, an miƙar da fuskar ta yi faɗi don ta cika wurin.

Mai zuwa da aiki ya taho da ma'aunin wurin, tsawo da faɗi, da hoton bangon ko gaban shagon da aka ɗauka da rana, da rubutun a harshen da yake so, da sunan maɗaba'ar da za ta buga in aikin bugawa ne, don mu tambaye su irin takardar da ke hannunsu kafin mu haɗa launi.