Godiya, an sallami Abba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah jiya aka sallami ɗana Abba daga asibiti can Landan, mun yi waya yana gaida kowa, ɗan tari ne kawai ya rage. Ba sai na maimaita ba, duk kun bi abin tun ranar da ya faɗa ruwa a gasar tseren kwalekwale.

Ni dai awa biyun nan da muka yi babu labarinsa ne suka ƙi fita raina. Muna tsakar gida nan Pantami, ƙanwarsa riƙe da waya tana duba sakamako, ita take min bayani wai ba tare ake sakin 'yan tseren ba kamar sukuwar sallah, ɗaya bayan ɗaya ne, agogo ke raba gardama, daga unguwar Mortlake zuwa ta Putney kilomita 6.8 a kogin Tems. Wanda ya tashi bayansa sunansa ya fito, na bayan wannan ma ya fito, Abba shiru, wayarsa shiru. Kwalekwalen siriri kamar kara, kilo 14 kacal, mutum shi kaɗai da filafili biyu kuma ya ba gabansa baya, ba ya ganin inda za shi, ga ruwa kamar ƙanƙara. Yaron da ya fara tuƙi wajen masunta a Dadin Kowa, ashe nan abin zai kai mu.

Sai ga baƙuwar lamba. Wata tsohuwar Baturiya ce, bayan masu ceto sun tsamo shi ta cire rigar sanyinta ta lulluɓa masa, ta kira da wayarta. Turancinta ya min sauri, da ta gane sai kawai ta kara masa wayar, ina jin haƙoransa na kaf-kaf ya ce "Umma gani nan." Ko sunanta ban sani ba. Allah ya biya ta, ya tsare mata zuri'a, ya haɗa ta da mai taimako ranar da take nema.

Baban Khalifa mai caji, na san ba ka so, amma sai na faɗa, janareto ka bari a kunne har asuba saboda mu. Goggo Amarya kwana uku a ɗakina. Malam liman da jama'ar masallaci, Allah ya saka da Aljanna, ya raya muku naku.

Waɗanda kuma gida ɗaya muka tashi amma ko flashin babu, sai "dama mun faɗa" a bayan ido, ya iso ni, ba komai.

Wai baɗi Abba zai shiga gasar mutum biyu da abokinsa. Na ce ya zo hutu tukuna mu yi maganar.