Ranar da batirin jirgina ya kumbura a kan tebur

Wani abu ne ya faru dani tun farkon shigata harkar tuƙa ƙananan jiragen nan na rimot, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Na fita tashi da yamma, jirgin ya ƙwace min wajen sauka ya caki ƙasa da hanci, farfela ta karye, batirin ya fito ya wuntsila gefe guda. Na ɗauka na duba, ɗan lotsewa ce kawai a kusurwa ɗaya kamar an danna da babban yatsa, nace ai ba komai. Ina dawowa na jona shi a caja, kuma saboda sauri ban ma saka ƙaramar wayar balans ɗin da ke daidaita cajin ba, babbar kawai na jona na danna na fita amsa waya. Hirar ta ɗan ja, ko minti ashirin ban cika ba dai na dawo, ina buɗe ƙofa naji wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, batirin da na sani shafal kamar sabulu ya zama kamar ƙaramin matashin kai. Na zare wuta daga bango, na sa filaya na ɗauke shi na kai waje na ajiye kan siminti nesa da komai, hannuna na rawa. Bai kama da wuta ba, Allah ne ya tsare, amma ba dabarata bace.

Kuskure uku na tafka a dare ɗaya, na caja batirin da ya bugu, ban saka balans ba, sannan na tafi na barshi. Na ukun ne ya fi bani haushi don shi ne wanda ba ya buƙatar ilimin komai.

Toh bari in ɗan yi bayani ga wanda bai daɗe da farawa ba. Yawancin jiragenmu batirin LiPo suke amfani dashi, wato wani nau'in batirin lithium, kuma abun da kake gani dunƙule guda ɗaya ɗinnan a ciki sel-sel ne, wato ƙananan batira, aka jera. In kaga an rubuta 3S to sel uku ne, 4S huɗu. Kowane sel ɗaya ana lissafa shi a 3.7V, in ya cika tam yana kai 4.2V, shi yasa 3S ake rubuta masa 11.1V amma in ya cika zaka ga 12.6V, 4S kuma 14.8V ya cika a 16.8V. Wannan 4.2 ɗin ita ce iyaka, ba'a ƙetare ta. Matsalar ita ce in babbar waya kaɗai ka jona, caja jimilla take gani, ita dai burinta ta ga 12.6. Ace sel ɗaya ya samu rauni ya tsaya a 4.0, sauran biyun ne zasu ɗauki ragowar su kai 4.3 kowanne, caja kuma tana can tana ganin lissafi ya yi daidai. Wayar balans, wato farin fulogin nan mai siraran wayoyi (3S guda huɗu yake dasu, kullum adadin sel da ƙarin ɗaya), ita ce idon caja, da ita take leƙa kowane sel shi kaɗai ta rage wa wanda ya yi gaba har na baya ya kamo shi. Eh cajin balans ya fi ɗaukar lokaci musamman wajen ƙarshe, zaka ga kamar ta tsaya tana ɓata maka lokaci, ƙyale ta, aikinta take yi. Ni yanzu ban san wani yanayin caji ba in ba shi ba.

Sai maganar ƙarfin wutar da zaka tura. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce 1C, ma'ana ka ɗauki mAh ɗin batirin, wato lambar yawan wutar da yake ɗauka, ka raba da 1000, abun da ya fito shi ne amp (A) ɗin da zaka saita. Batir mai 2200mAh sai ka sa 2.2A, mai 1300mAh 1.3A, zai cika cikin awa ɗaya ko da ɗan ɗoriya. Kar babbar lambar nan da ake bugawa a jikin batir ta ruɗe ka, 35C ko 50C ko ma 100C, wannan ta fitar da wuta ce lokacin da injin jirgin ke ja, ba ta caji ba. Akwai batiran da aka rubuta suna karɓar 2C ko fiye wajen caji, ban ce ƙarya bane, amma ni dai a gida ba inda zani, 1C ta ishe ni kuma batiran sun fi daɗewa.

Abun da nake ganin ya fi cin mutane ma ba lissafi bane, rashin kallon sikirin ne. Cajojin nan masu maɓalli huɗu suna cajin kala-kala, LiPo, LiFe, LiHV, NiMH har da batirin gubar, kuma suna riƙe saitin ƙarshe da aka yi amfani dashi. LiHV yana cika a 4.35V, to ka ɗauka abokinka ya ari cajarka ya caja nashi ya dawo maka da ita a haka, kai kuma ka jona LiPo na gama-gari ka danna ba tare da ka duba ba, kowane sel ka ɗura masa fiye da cikinsa kenan. Wanda ya fi wannan muni shi ne a caja LiPo a saitin NiMH, don shi wancan ba a 4.2 yake tsayawa ba, jira yake yaga wutar ta ɗan faɗo kafin ya yanke, LiPo kuma ba ya yin haka, sai dai ya ci gaba da sha har ya fashe. Kafin caja ta fara tana nuna maka adadin sel da ta gano da wanda ka saita tana jiran ka tabbatar, daƙiƙa biyar ce wallahi, amma hannu ya riga ya saba dannawa sau biyu da sauri. Ni dabarar da na yi wa kaina, ina faɗa da baki, LiPo, sel uku, biyu da ɗigo biyu, sannan in danna. Mutanen gida har dariya suke min.

Inda kake cajin ma abun dubawa ne. Ba kan katifa ba, ba kan kafet ba, ba cikin jirgin ba, ba kusa da labule ko galan ɗin mai ba. Nawa yanzu a kan tayil yake, batirin cikin jakar nan da ake yi musamman don LiPo mai hana wuta bazuwa, da bokitin yashi a gefe. Wasu suna amfani da akwatin ƙarfe, yana da kyau, amma ka cire robar murfin ko ka huda shi, don in ka rufe ruf iskar da batirin ke fitarwa ba ta da hanyar fita, ka haɗa wa kanka wata fitinar. Jakar ma kar ka ɗauka magani ce, lokaci kawai take saya maka. Wutar LiPo in ta tashi sel ɗaya ne ke kunna na kusa dashi, zaka ga kamar ta mutu sai ta sake tashi, hayaƙin kuma guba ne, kar ka tsaya shaƙa kana jarumta a cikin ɗaki.

Batirin da ka sauko dashi daga jirgi da ɗumi barshi ya huce tukun. Wanda ya kwana cikin sanyin da ya kai na ƙanƙara shi ma ba'a cajinsa sai ya dawo daidai da ɗumin ɗaki. A sama kuma kar ka tsotse shi ƙarƙaf, ƙasa da 3.0V a sel lalacewa ce, ni ina sa ƙararrawa a 3.5V in sauko.

Wanda na daɗe ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne ajiya. Da sai in cika duka batirana ranar da na dawo wai don su zauna a shirye, su yi sati biyu uku a cike, ashe kashe su nake a hankali, shi yasa suke kumbura tun basu tsufa ba. In ba zaka tashi cikin kwana ɗaya ko biyu ba, sa su a Storage, wato saitin ajiya na cajar, caja zata kai kowane sel wajen 3.8V ko 3.85V, in ya yi sama ta sauke in ya yi ƙasa ta ɗaga. Sai daren da zaka fita ko da safe ka cika su. Masu jona batir da yawa a allo ɗaya su caja lokaci guda kuwa, dole adadin sel ya zama ɗaya kuma wutarsu ta yi kusa da juna, kar tazarar ta wuce 0.1V a sel, in ba haka ba mai cike zai kwarara wa mara cike wuta da ƙarfin da ba caja ce ke sarrafa shi ba. Sabon shiga ban bashi shawarar ya fara da wannan ba gaskiya.

Shi kuwa wancan batirin da ya kumbura, kwana biyu ya yi a waje ina kallonsa ta taga, zuciyata na raya min wai ko in gwada shi sau ɗaya ai har yanzu yana nuna wuta. Ban huda shi ba, ban kuma danne shi da littafi ya lafa ba kamar yadda na ji wasu na yi. Ƙwan fitilar mota mai 12V na jona masa a waje cikin bokitin yashi har ya mutu mus, na barshi ya ƙara kwana a haka, mita ta nuna sifili, na yanke fulogin babbar wayar, wato XT60, waya ɗaya bayan ɗaya don zai min amfani a wani wurin, na murɗe jar waya da baƙar suka haɗu, sannan na kai shi inda ake karɓar matattun batira.