Jar hular kakana tana Tahoua

Hoto ɗaya tak muke da shi na kakana na wajen uwa, shi ma gara ta cinye masa kafaɗar hagu. Yana tsaye ƙiƙam, hannuwa manne da cinya, ƙwauri a naɗe da ƙyalle, a kansa wata doguwar hula. Hoton baƙi da fari ne, amma tun muna yara Inna take cewa hular ja ce wur, kuma tana nan Tahoua cikin akwatin ƙaninta. Shekara da shekaru ina cewa zan je in gani. Sai bana da sanyi, da aka aiko cewa Kawu ya yi jinya ya tashi, Inna ta ce in ba zan je don hula ba, to in je don gaisuwa.

Bas ɗinmu ya bar Yamai ƙarfe biyar na asuba, kowa a duƙunƙune cikin mayafi. Tafiyar ta kai kilomita 550 ko kusa da haka. Har Doso barci na yi. A Dogon Dutsi muka sauka muka sha shayi da burodi, hazo ya lulluɓe dutsen har ba a ganin kansa. Mun wuce da kamar rabin awa sai taya ta fashe, aka sauko da ta ajiya, ita ma ba iska. Awa biyu cur muka yi a gindin wata aduwa muna jiran yaron mota ya dawo a kan babur.

A nan ne wani malamin makaranta, Ba'are, da ke zaune kusa da ni ya leƙo wayata ya ga hoton. Ya dube shi da kyau, ya miƙa hannu wajen arewa maso gabas, ya ce masu irin wannan hular ne suka ƙone Lugu. Ba da faɗa ya faɗa ba. A 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan, ya gwabza da Sarauniya a Lugu, ya wuce ya yi wa Birnin Ƙwanni kisan da har yau ake ba da labarinsa. Turawan da ke cikin ayarin ba su cika goma ba, masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne. Na ce masa kakana ai ko haifarsa ba a yi ba a lokacin. Ya ce ya sani, hular dai ce ɗaya. Na mayar da wayar aljihu.

Ƙwanni muka yi azahar, tsakanin 'yan canji da masu fetur a kwalabe. A Tsarnawa muka saki hanyar Maraɗi muka miƙe arewa, ta Badagishiri, cikin jajayen duwatsun Adar. Ana kiran magariba ɗan kabu-kabu ya ajiye ni ƙofar gidan Kawu.

Na tarar da shi a tsakar gida yana hura gawayi cikin dutsen guga. Mutum ya tashi daga ciwo, ga 'ya'ya ga jikoki cike da gida, amma rigar da zai sa gobe shi zai goge abinsa. Matarsa ta ce in bar shi, shekara arba'in ba ta taɓa yi masa gugar da ya yaba ba. Da na kawo maganar hula sai ya ce, “Yaro, ba a buɗe akwati da dare. Gobe mu tahi hwada tukuna, ka ga mazan jiya.”

Fadar tasu benci biyu ne da tabarma a gindin dogon yaro, da murhun shayi. Su huɗu ne da Kawu, kuma ba mai kiran wani da sunan yanka. Akwai Ajidan, tsoho tukuf wanda ya haura tamanin, ya shiga sojan Faransa kafin a ba da mulkin kai, aka kai shi Aljeriya. Akwai Kaporal, Buzu ne siriri mai rawani, ya yi aikinsa kan raƙumi a arewa. Kawu shi ne Sarjan. Ƙaraminsu, wanda ke dafa shayin saboda ƙarancin shekaru duk da furfurarsa, Kadago suke ce masa don tsokana, wai bai yi soja ba, aikin albashi ya yi.

Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa wa Ajidan. Tambaya ɗaya na yi: cikin duk kayan sarkin da suka sa, wanne ya fi kwanta musu a rai? Ban san na tono gidan rina ba.

Ajidan ne ya fara, don ba mai magana kafin shi. Ya ce a Aljeriya kowa idonsa na kan kaki mai zanen damisa, irin na 'yan laima, da 'yar hularsu mai baki da ake kira da sunan Bigeard, wani hafsan Faransa. Yaƙin ya ɗauki daga 1954 zuwa 1962, kuma duk tsawon zamansa a can shi kore mara zane aka ba shi, da takalmin zane mai ƙasan roba. Na zaci zai ce na damisar ya fi so. Sai ya girgiza kai. “Wanga na aiki ne, ɗana. Na hita gari, shi ne kaya.” Kakin fita yake nufi, mai ruwan ƙasa, da jar ɗamarar ulu da ake naɗawa a ƙugu a ɗora bel a kai, da alamar ƙugiyar jirgin ruwa ta sojojin mulkin mallaka a wuyan riga. Ya miƙe da ƙyar ya nuna mini yadda ake naɗa ɗamarar: abokinka ya riƙe bakinta ɗaya ya ja da ƙarfi, kai kuma ka riƙa juyawa kana matsowa wurinsa har ta ƙare a jikinka. Ya juya sau biyu, jiri ya kwashe shi, Kadago ya tare shi, aka yi ta dariya. Ya ce da wannan kayan ya sauka Tahoua hutunsa na farko, yara suka bi shi tun daga tasha har Bilbis, kuma a makon nan aka ba shi mata.

Kaporal ya bari aka gama dariya sannan ya ce duk wannan kayan zufa ne. Shi a wurinsa ba a taɓa yi wa soja sutura irin ta masu raƙuma ba: riga mai faɗi, wando buje, rawani, takalmin fata, da ɗamarar harsashi biyu da suka gitta a ƙirji. Faransawa da kansu, in ji shi, da suka shiga Azawak da Ayar sai da suka ajiye nasu suka ɗauki na mutanen wurin, don takalmin soja mai nauyi ba ya taka wuyan raƙumi, hular kwano kuma ba ta tare guguwa. Rawani shi ne inuwarka, shi ne matacin ruwanka in ka tarar da rijiya mai laka, in ta kama kuma shi ne likkafaninka. Ya faɗi na ƙarshen yana kurɓar shayi, ko a jikinsa. Ni dai a raina na ba shi gaskiya, don cikin su huɗun shi kaɗai ne har yau yake sanye da rabin kayan aikinsa ba wanda ya ce masa don me.

Kawu bai yarda ba. An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, shekara guda bayan mulkin kai, kuma shi a ganinsa daga nan ne kaki ya zama namu. Ya shiga soja bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, saboda haka zamanin Seyni Kountché ne ƙuruciyarsa. Kakin da yake so shi ne mara ado, riga da wando, wanda aka sha da sitaci har in ka ajiye wandon zai kusa tsayawa da kansa. Ya ce a lokacin ba ka san ranar da shugaban ƙasa zai faɗo bariki ko ofis ba sanarwa ba, don haka karin guga ya zama kamar salla. In gawayi ya ƙare, sai a shimfiɗa wandon ƙarƙashin katifa a kwana a kansa. Ya je Saudiyya cikin sojojin da Nijar ta aika lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 zuwa 1991, ya ga Amurkawa da kakinsu mai launin rairayi, aljihu ko'ina. Ya yaba ɗinkin, amma ya ce kaya ne da ba ya son guga, kuma sojan da ba ya guga, to, ya bar maganar a nan ya taɓe baki.

Kadago ya ce shi shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya ce tasa, wadda ya sa a Kodebuwa. Kafin ya rufe baki Ajidan ya ce ba hular yake so ba, gidan da ta gina masa yake so. Bai musa ba. Ya ce a Abijan da garuruwan arewacin ƙasar ya yi ta haɗuwa da Adarawa 'yan bida, masu shago da masu tura kaya, in ya yi musu Hausar gida sai su rasa inda za su sa shi don murna. Da shuɗiyar hula a kansa, in ji shi, ko'ina ya shiga ba wanda ya gudu. Ya tambayi sauran ko akwai wanda zai iya faɗin haka game da tasa. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai ƙarar murfin buta.

Abin da na lura da shi, ba wanda ya zaɓi kayan da ya yi yaƙi a cikinsu. Sun yi awa uku suna gardama kan maɓalli da karin wando da yadda ake karya hula, amma da na tambayi Ajidan abin da ya gani a duwatsun Aljeriya, cewa ya yi akwai sanyi, ya nemi a ƙara masa sukari.

Bayan la'asar Kawu ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Na ƙarfe ne, kore, fentin ya kakkaɓe. Da ya ɗaga murfin warin kafur ya buge ni. A sama akwai nasa kakin a ninke, ƙarƙashinsa takardun fansho daure da roba, sai lambobin girma uku da ƙyallensu ya koɗe, sannan can ƙasa, cikin tsohon zanen atamfa, hular. Ba ja wur ba ce kamar yadda Inna ta faɗa. Ta koma launin busasshen barkono, ulun ya yi tauri, asu ya huda ta wuri biyu, kuma daga ciki gefen ya yi baƙi da zufar mutumin da ban taɓa gani ba.

Kawu ya zauna bakin gado ya ba ni labarin kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa. Rundunar da Faransa ke kira ta 'yan Senegal tun 1857 aka kafa ta, zamanin Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, amma sunan ne kawai na Senegal, daga ko'ina a yankin ake ɗiba, har da Adar. An ɗauki kakana lokacin yaƙin duniya na biyu. Kafin su tsallaka teku Amurka ta sake wa sojojin Faransa kaya daga sama har ƙasa, don haka da kakin Amurka ya sauka kudancin Faransa a watan Agustan 1944, jar hular tana cikin jaka. Wannan kakin, in ji Kawu, shi ne tsohon ya fi so a duniya: takalmi daidai ƙafa, riga mai ɗumi, kabido mai kauri. Bai yi wata uku da shi a can ba. Da sanyi ya kama aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka ce ba za su jure hunturun Turai ba, aka karɓe kayansu da makamansu aka ba samarin Faransawa da suka shigo daga baya. “Har kabido sunka amshe,” in ji Kawu. “Wagga ɗai anka bar mishi, don ba Bature mai son ta.”

Wasu daga cikin waɗanda aka maido gida a ƙarshen shekarar nan, tsofaffin fursunonin yaƙi, a barikin Thiaroye kusa da Dakar aka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Kakana ba ya cikinsu, ya dawo lafiya daga baya. Fanshonsa kuwa dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da shi, ya tsaya cak yayin da na abokan yaƙinsa Turawa ke hawa. Sai daga 2007 aka soma daidaitawa, lokacin ya daɗe a ƙasa. Duk da haka, kowace ranar biki sai ya ɗora hular nan ya rataya lambobinsa ya fita. Na tambayi Kawu me ya sa. Ya ce shi ma ya taɓa tambayarsa, tsohon ya ce hular ba ta Faransa ba ce, tasa ce, shi ya yi zufa a cikinta.

Na ba shi labarin malamin nan na hanyar Dutsi da abin da ya ce game da Lugu. Kawu ya juya hular a hannunsa, ya kakkaɓe wani zare. Ya ce malamin bai yi ƙarya ba.

Na roƙe shi ya ba ni ita in kai wa Inna, ko na wata ɗaya. Ya ƙi, ƙememe. Ya ce lokacin bikin Tahoua Sakola na ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba 2017, wasu sun zo neman aronta don nuni, ya hana, balle ni da zan sa ta cikin jakar baya in hau bas mai fashewar taya. Ya dai yarda in gwada. Ta tsaya mini a tsakiyar kai, ta ƙi shiga, jikokinsa suka fashe da dariya daga bakin ƙofa. Ashe kakan nawa ƙaramin kai gare shi, hoton ne ya sa na ɗauka ƙato ne.

Kwana uku na yi. Ranar komawa Kawu ya rako ni tasha da asuba cikin rigar da karinta zai iya yanka hannu, ya damƙa mini ƙullin cuku na Inna da na kilishi na yara. Bas ya fara motsi ya ƙwanƙwasa gilashi, na zuge. Ya ce in na samu mai zuwa in aiko masa da kafur daga Yamai, na nan ba ya da ƙarfi, asu ya soma yi wa akwatin yawa.