Injin yankan itace ya buga: kafin ka sayi sabon fistin

Idan inji ya mutu ana tsakiyar yankan giginya ko darbejiya, igiyar tayar da shi kuma ta koma sakwa-sakwa ba nauyi, galibi fistin ne ya ci. Kada ka yi saurin tafiya Sabon Gari sayen kaya. Kwance salansa tukuna, ka haska tocila ta ramin hayaƙi kana jan igiya a hankali. Fistin mai lafiya sumul yake. Wanda ya ci za ka ga zane-zane daga sama har ƙasa, ringi ya maƙale a gurbinsa.

Gefen da ya ci shi zai faɗa maka mai laifi. In ta wajen salansa ne, zafi ne: ko man 2T da ake haɗawa ya yi kaɗan a fetur, ko kafireta ta matse mai, ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. In ta wajen kafireta ne, ya dusashe kamar an goga masa samfefa, to ƙura ce ta wuce matatar iska, abin da hunturun Zariya ya ƙware a kai.

A nan masu gyara da yawa ke faɗuwa. Su sa sabon fistin, inji ya tashi, a biya su, bayan sati biyu ya sake bugawa, don oyil sil ɗin karanshaf da ya tsage yana nan inda yake. A toshe ramin salansa da na kafireta da guntun robar tayar babur, a hura iska ta ramin fulogi kamar rabin bar (ma'aunin ƙarfin iska), 0.5 ke nan a agogon famfo, a shafa ruwan sabulu a sil biyun, da robar wuyan kafireta, da siririn tiyon da ke bugun mai. Inda kumfa ya taso, nan ɓarnar take. A girgiza karanshaf ma; in yana wasa sama da ƙasa, boris ya tafi, sai an raba inji biyu. In za a cire kuloci don a kai ga sil, haƙoran ɗaurinsa na hagu ne, ta dama ake kwance shi.

Bulok, wato gidan da fistin ke kai-komo a ciki, ba kullum ake jefarwa ba. Sau da yawa alminiyon fistin ne kawai ya narke ya manne a bango, samfefa mai laushi na cire shi. Amma in farce na maƙalewa a zanen, rufin bangon ya tsage, a saya sabo. A auna faɗi kafin a biya: na Stihl 070 milimita 58 ne, na ɗan Caina 5200 kuwa 45.

Wajen haɗawa a cusa tsumma a bakin inji, don ƙaramin kilif ɗin fil ɗin fistin in ya yi tsalle ciki ya ja aiki. Kilif sabo ake sawa, bakinsa sama ko ƙasa. Kibiyar kan fistin ta kalli salansa, bakin ringi ya zauna kan ƴan ƙusoshin gurbinsa, in ba haka ba zai karye wajen zura bulok. A shafa wa komai man 2T.

Tazarar fulogi milimita 0.5. Sukurorin H da L na saita mai a kafireta a ɗaure su a hankali har su zauna, a sassauta kowanne zagaye ɗaya. Haɗin fetur kuwa, man 2T na ƙwarai mililita 20 ne a litar fetur, na araha 40, kuma baƙin man mota ba ya wannan aiki. Tanki uku na farko kada a ƙure masa wuta ba itace a baki.